Munduwar Zulai

Tun da na'ura ta karɓe rubuta littattafai, doka ta hana sayar da ko ɗaya sai mutum ya karanta, wata munduwar awo da ake ɗaura masa a hannu ta shaida ya ji daɗi. Nan da nan masu digirin adabin Turanci suka yi tsada.

Ranar da Zulai, ɗaya daga cikinsu, ta samu aikin karanta littattafan, Kawu Ɗanlami, mai yi mata gorin karatun tatsuniya, ya zo har gida da tsire.

"Ashe dariya ma sana'a ce, 'yata!" Ya kawo labarin ragon da ya kore shi har cikin masallaci.

Zulai ta ƙyalƙyale da dariya har da hawaye. Sai ta tsinci kanta tana leƙen munduwar, don ta ga ko da gaske take dariyar.