Hoton Lantana

Tun da aka kafa dokar goge hoton mamaci bayan kwana arba'in, bangon gidaje duk ya zama fayau a unguwar Baba Cindo, mai zanen da ya koyi sana'arsa a jikin manyan motoci.

Ranar arba'in ɗin matarsa Lantana, ma'aikaciyar hukuma ta shigo da na'urarta mai gano fuska. Ga hoton da ya zana mata nan a bango: ido ɗaya kore, ɗaya a kan kunci, wuya dogo kamar na zalɓe. Shekara talatin 'yan boko suna yi masa dariya a kansa.

"Baba, wannan wace ce?"

"Tambayi ƙarfenki, 'yata. Ai an ce ya fi mu ilimi."

Ta haska hoton. Na'ura ta ce, "Babu fuska."

Baba Cindo ya gyara hula. Yunwa ba ta kashe shi ba, ambaliya ba ta ci shi ba, sai wannan ɗan abin? Ga Lantana nan tana hararsa, yadda ta saba in ya makara.

Ma'aikaciyar ta kai ƙofa, sai ta dawo, ta rage murya.

"Baba, mahaifiyata ta rasu. Saura kwana tara."

"Zauna," in ji shi, yana buɗe gwangwanin fenti. "Faɗa mini yadda take harara."