Ungulu a Katangar Kansila

Tun da aka kafa dokar kare ungulaye, duk inda ungulu ta kwana ya zama na gwamnati. Zoben da hukuma ta sa mata a ƙafa ne ke kai rahoto. Haka Ilu maƙwabcina ya rasa gonarsa, kansilanmu Alhaji Baushe ya sa hannu yana murmushi. Shi ya sa muka sare bishiyoyin garin kaf.

Ran Laraba na hangi ungulu tana shawagi bisa gidana. Ni mahauci ne, na san lagonta. Na kwashi hanji na shanya a katangar Baushe. Ta sauka, ta ci, ta kwana.

Da safe jami'in gandun daji ya iso.

"Ranka ya daɗe, sai a fitar da kayan Alhaji," na ce.

Ya dubi Baushe. "Wannan ai talo-talo ne."

"Mai zobe?" na ce.

"Kai za ka koya mini aiki, tsohon banza?"

Aka kamo ta. Baushe ya miƙo mini wuƙa. "Yanka mana. Ko a sake ta a gidanka?"

Na yanka, ba bisimilla. Ita ce ta ƙarshe a ƙasar nan, gidana kuma shi kaɗai gare ni.