Ba Ma Haukacewa

A ɗan ɗakin da yake tace finafinai ya ja wa malamar da yake son aura kujera, ya kunna mata sabon aikinsu. Labarin budurwa ce da aka haifa babu mahaifa. A ƙarshe saurayinta ya gudu, ta haukace tana goyon filo.

"Ni na kawo shawarar ƙarshen nan," ya ce da murmushi. "Ai gaskiya ce, Malama. Wa zai dasa bishiyar da ba ta 'ya'ya?"

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Ba ma haukacewa," ta ce a hankali. "Aji muke shiga, mu koyar da 'ya'yan mutane, mu koma gida."

"Ku?"

"Ina shekara sha bakwai likita ya gaya min. Yau na zo in faɗa maka, kafin ka turo manyanka."

Ya ce, "Wallahi da na sani..."

"Da ka sani, da ka ɓoye min ra'ayinka. Gara da na ji."

Ya miƙe zai tsayar da ita, amma ta riga ta fice. Yana jin takunta a matakala har ya daina ji.