Manhajar da Ba Ta Ciruwa

"Ki taɓa ta ki gani," in ji wakilin kamfanin da ya sayar musu da manhajar adana takardu. "Kafin a tashi aiki ofishin nan zai durƙushe."

Injiniyar kwamfutocin ofishin ta dubi manaja, ya sunkuyar da kai. Shekara da shekaru manhajar ta yi kane-kane a rukunin sabobinsu, wato manyan kwamfutocin ofishin, ga cin wuri ga jan ƙafa. Ka kashe kwantenarta ɗaya, wato kwafinta da ke aiki, rukunin ya tayar da wata, sai ka ce ciyawar damina.

"Malama, a bar kaza cikin gashinta," in ji manaja. "In abu ya lalace, a bakin aikinki."

"Na ji, ranka ya daɗe. Yau takardunka sun buɗe?"

"Kamar walƙiya."

Wakilin ya cafe: "Kin ji ko? Aikinmu ke nan!"

Ta juyo musu da kwamfutarta. Gurbin manhajar wayam, kamar an share tsakar gida.

"Tun makon jiya na kwashe takardun zuwa wata ma'ajiya, na tumɓuke manhajar har saiwa. Saurin nan da kake tinƙaho da shi, Malam, na rashinku ne."