Takardar Gona a Ƙullin Daddawa

Ke da kike tsoron neman taimako don kada maganar ta koma gida, bari in ba ki misalin wata mai daddawa. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku da gona guda a bakin fadama, wan mijin kuwa ya ƙyalla ido a kan gonar. Ta ji labarin wata ƙungiyar mata a birni mai tsaya wa marayu gaban alƙali, sai ta kira su a waya, ta faɗa musu damuwarta da kasuwar da take ci. Abin da ta manta shi ne garin babu wuta, kowa shagon wan mijin nan mai janareta yake kai wayarsa caji. Kafin la'asar ya ga baƙuwar lamba, ya kira, ya ji ko su wane ne. Washegari ya zo ya zazzage mata akwati yana neman takardar gonar. Allah ya rufa asiri tana ƙarƙashin buhun kalwa. Ranar ta sha kukan takaici, don da hannunta ta miƙa masa sirrinta.

Ranar Laraba a kasuwa, wata mata ta tsuguna gaban tirenta tana shinshina daddawa kamar mai neman ragi. Murya ƙasa-ƙasa ta ce daga ƙungiyar take, kuma tun da suka ji namiji ya kira yana bugun cikinsu suka san da wata a ƙasa. Ta ce, "Baiwar Allah, kada ki ƙara kiranmu, mu ma ba za mu kira ki ba. Duk Laraba ina nan sayen daddawa."

Wayar ta ci gaba da zuwa caji, babu komai a cikinta sai gaisuwar dangi. Maƙwabciya mai son jin ƙwaƙwaf ta leƙo tambayar inda aka kwana, mai daddawa ta ce mata ai ta bar wa Allah. Laraba ta biyu takardar ta tafi birni a naɗe cikin ganye, tsakiyar ƙullin daddawa, inda ba wanda zai so cusa hanci. Ta uku aka karɓi sunayen shaidu. Shi kuwa gogan naki ya saki jiki, har ya samo mai saye. Yana tsaye a gonar yana nuna iyaka da sanda sai masinjan kotu ya miƙa masa sammaci. Alƙali ya duba takarda, ya saurari shaidu, ya tabbatar wa marayu gonar ubansu. Mai daddawa ta fito daga kotu tana dariya da hawaye, bana kuma geron gonar ya fi ta tsawo. Takardar har yau warin daddawa take yi, ita kuwa ta ce ba turaren da ya kai shi daɗi a hancinta.

Don haka ki nemi taimako, amma ki fara duba hannun da wayarki take kwana da kunnen da ke kusa. Masu iya magana sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.