Makaɗin Noma Mai Sanyin Hannu

Ka ce hannunka ba ya sauri, don haka kiɗa ba naka ba ne. To, zauna ka ji abin da ya faru da wani makaɗin gangar noma. A zamaninsa, in ya rataya ganga ya shiga gona, sai ka rantse hannu huɗu gare shi. Ana nan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Da ya tashi, hannun dama ya yi nauyi, salon nan na sauri duk ya gagare shi. Ya rataye gangar a bayan ƙofa, ya daina ko kallonta.

Wata damina maƙwabcinsa ya karye a ƙafa, ciyawa ta taso za ta cinye masa gero, ga iyali. Aka kira gayya, aka ɗauko wani makaɗi mai zafin hannu daga ƙauyen gaba. Ya saki kiɗa kamar ruwan ƙanƙara, manoma suka bi shi a guje. Kafin rana ta take, kowa ya zube a gindin tsamiya yana haki, gona ko rabi ba a ci ba. Matar mai gonar ta je ta durƙusa gaban tsohon makaɗin. Ya ce, "Ai ni bugu ɗaya-ɗaya ya rage mini." Ta ce, "Baba, a ba mu ɗaya-ɗayan."

Ya ɗauko gangar daga bayan ƙofa, ya zo ya tsaya a bakin kunya. Da yake ba shi da sauri, sai ya zuba wa fartanya ido: in ta sauka ya buga, in ta tashi ya yi shiru. Cikin shirun nan manomi ke jan numfashi ya gyara tsayuwa. Sannu a hankali fartanyoyi suka riƙa faɗuwa tare, wani ya ɗauko waƙa, saura suka amsa. An so a tashi da azahar, sai dab da magariba aka kai kunyar ƙarshe, amma ba a bar ko tsinken ciyawa ba. Baƙon makaɗin kuwa ya raka dattijon har gida, yana tambayarsa yadda ake auna tazarar da ke tsakanin bugu da bugu.

Shi ya sa Hausawa ke cewa: sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.