Man Kitson Mai Tuwo

Zauna ki ji, tunda na ga ke ma kin fara neman wanda za ki ɗora wa laifin fuskarki. An yi wata mai tuwo a bakin tasha, mace mai son kwalliya. Kullum da safe kafin ta hura wuta sai ta lakato man kitso mai kauri da yatsa uku ta dambara a ka, ta bi gefen goshi tana kwantar da gashi har ya yi sheƙi, sannan ta ɗaure da wani ɗankwali da take ji da shi. Kitson nan sai ya yi wata biyu ba a tsefe ba, balle ruwa ya taɓa shi. Ga shi wuni take a bakin murhu tana tuƙi. Wuta ta narkar da man, gumi ya kwaso shi ya gangaro goshi da bayan kunne da ƙeya, ita kuwa ta sa gefen ɗankwalin ta goge, gobe ma shi za ta ɗaura. Ba a jima ba ƙuraje suka feso mata, jere reras daidai inda gashi ya tsaya, tana matsawa suna barin tabo. Rumfar da ke jikin tata ta wata mai waina ce, aminiyarta ta shekara da shekaru, in ɗaya ta tafi salla ɗaya ke tsare mata tukunya. Baiwar Allahn nan ta ja ta gefe, ba a gaban kowa ba, ta ce, “Yaya, man nan ne. Rage shi, kada ya taɓa goshi, ki riƙa wanke kai da ɗankwali da rigar filo.” Ai kuwa kamar ta watsa mata ruwan zafi. Wato ita za a kira ƙazama? Ta wuni tana saƙa da warwara, har ta tuno wata rana da mai waina ta yaba hasken fuskarta, ta ce shi ke nan, bakinta ne ya kama ta. Ta bi tasha tana faɗa wa direbobi da 'yan kamasho cewa maƙwabciyarta mugun baki gare ta, hassada ke cin ta. Kin san mutane da tsoro. Ba a yi mako uku ba waina ta fara kwantai, har iyaye na janye 'ya'yansu daga gaban rumfar. Wallahi abin nan yana ƙona min rai, mutum ya faɗa maka gaskiya don Allah, kai kuma ka yi masa wannan sakayya.

Ana cikin haka uwar mai tuwo ta kwanta ciwo a ƙauye, mai tuwo ta tafi jinyarta a gurguje, ta mance kwalbar man a gida. A can wata gwaggonta ta ga kan, ta ja tsaki, ta tsefe shi ta wanke tas da sabulun salo da ruwan ɗumi, ta ba ta wankakken ɗankwali. Babu mai, babu zafin murhun tasha. Cikin wata guda ƙuraje suka bushe, goshi ya yi sumul. Kina tsammanin ta gane? Ina! Cewa ta yi ga shaida nan, daga yin nesa da matar ta warke. Ta dawo tana taƙama, ta tarar mai waina ta kwashe tandarta ta bar tashar, baƙin ciki ya hana ta ko sallama da kowa. Mai tuwo ta ce Allah ya raka taki gona. Washegari aka yi mata sabon kitso, ta dambara mai yadda ta saba, ta ɗaura tsohon ɗankwalinta, ta hura wuta. Kwana goma tsakani ta duba madubi, ga su nan sun dawo, sun ma fi na da. Ta juya za ta harari rumfar maƙwabciya, sai fili ta gani, da toka da duwatsun murhu. A nan ta gane ashe gaskiya mai waina ta faɗa mata. Ta sa aka nemi matar kasuwa biyu, kasuwa uku, ba wanda ya san inda ta koma, neman gafarar ma ba ta samu ta yi ba. Kwalbar man kuwa tana zaune lafiya lau a kan taga, tsawon rigimar nan ba wanda ya ce mata kanzil. Irin wannan ne Hausawa ke cewa, an bar jaki ana dukan taiki.